Tiriliyan 11 ɗin Nan na Wa Ne? Yadda BlackRock Ke Kiwon Kuɗin Manyan Cibiyoyi

A watan Janairun 2024 wani labari ya karaɗe shafukan sada zumunta a Najeriya: kamfanin BlackRock na Amurka zai sayi kamfanin Global Infrastructure Partners, wanda ɗan Najeriya Adebayo Ogunlesi ya jagoranci kafa shi, a kan kusan dala biliyan 12.5. Mutane da yawa a ranar suka fara jin sunan BlackRock. Waɗanda suka ɗan bincika sai suka ci karo da adadin da ya sa su sake goge ido. A lokacin, dukiyar da ke hannun kamfanin ta kai dala tiriliyan 10, kafin ƙarshen shekarar kuma ta kai kusan tiriliyan 11.6. In ka cire Amurka da Sin, babu ƙasar da abin da take samarwa a shekara guda ya kai haka.

Daga nan sai surutu ya tashi. Wani ya ce ai su ne masu duniya, wani ya ce shugaban kamfanin, Larry Fink, ya dame duk attajiran duniya ya shanye. Duk mai faɗin haka ya tsallake tambaya ɗaya: kuɗin na wa ne? Kuɗin mutane ne, kiwo aka ba shi. Abin da ya shiga aljihun kamfanin a matsayin kuɗin shiga a 2024 dala biliyan 20 ne da 'yan kai. In ka raba, kusan santi 18 ke nan a kan kowace dala 100 da ke hannunsa.

Mu a nan mun san wannan tsarin tun kafin a haifi kakannin Fink. Ma'aikaci a birni ya sayi shanu, ba shi da lokaci, bai san daji ba, sai ya ba makiyayi. Shanun nasa ne. In sun hayayyafa ribarsa ce, in annoba ta bi ta kansu asararsa ce. Makiyayi ladar kiwo yake karɓa. Baƙon da ya hango makiyayin nan yana kora garke mai shanu dubu zai ce lallai wannan hamshaƙi ne, alhali wataƙila ko saniya goma ba tasa ba ce a ciki. Amma kada mai karatu ya ɗauka don haka makiyayin ba shi da ƙarfi. Wanda ke kora shanu dubu, inda duk ya juya sai kasuwa ta ji. Za mu dawo kan wannan.

Su wa ke ba da kiwon?

Kusan rabin dukiyar da ke hannun BlackRock daga manyan cibiyoyi take fitowa kai tsaye, ban da abin da cibiyoyin ke saya ta kasuwa kamar kowa. Cibiyoyin nan su ne asusun fansho, da kamfanonin inshora, da asusun ajiyar ƙasashe irin waɗanda masu arzikin mai ke kafawa, da manyan bankunan ƙasashe masu ajiyar kuɗin waje, da gidauniyoyin jami'o'i. Girmansu ya wuce wasa. Asusun fanshon gwamnatin Japan kaɗai yana riƙe da sama da yen tiriliyan 200. Asusun fanshon ma'aikatan jihar Kalifoniya, CalPERS, yana da sama da dala biliyan 500.

Abin da ya haɗa su duka shi ne alkawari. Asusun fansho ya yi wa malamin makaranta mai shekara 30 alkawarin zai riƙa biyansa kowane wata daga ranar da ya yi ritaya har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Kamfanin inshora ya yi alkawarin in gida ya ƙone zai biya. Babban banki yana son ajiyarsa ta kasance a hannu ranar da kuɗin ƙasa ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Don haka tambayar da cibiya ke kwana da ita ta bambanta da ta ɗan kasuwa mai neman inda riba ta fi tsoka. Ita tambayarta ita ce: nan da shekara 20 ko 40, zan iya cika abin da na ɗauka? Duk hajar da kamfani irin BlackRock ke sayar wa cibiya, a kan wannan tambayar aka gina ta.

Hannaye uku, ba a yarda su zama ɗaya ba

Abu na farko da ke ba mutane mamaki shi ne kuɗin ba ya ma kwana a gidan BlackRock. Akwai hannaye uku a harkar. Akwai mai kuɗi, wato amintattun asusun. Akwai mai juya kuɗi, wanda ke cewa a sayi wannan a sayar da wancan. Sannan akwai bankin ajiya, irin su BNY ko State Street ko JPMorgan, wanda ke riƙe da takardun hannun jarin da na bashin, kuma rajistar tana nuna ko na wa ne. Mai juya kuɗi umarni yake bayarwa, ba ya iya kwashe dukiyar ya zuba a asusunsa. Ko da a ce BlackRock ya durƙushe gobe, masu binsa bashi ba su da hurumin taɓa dukiyar asusun fansho, don ba tasa ba ce.

Wanda ke son ganin amfanin wannan rabon sai ya tuna Bernie Madoff. Shi ne mai juya kuɗin, shi ne kuma mai ajiyarsu, shi ne mai rubuta wa mutane takardar abin da suke da shi. Da asirinsa ya tonu a Disambar 2008, aka tarar da cewa kusan dala biliyan 65 da takardunsa ke nunawa yawanci tawada ce kawai.

Ma'aikacin Najeriya da ake cire wa kuɗin fansho ya riga ya san tsarin, ko da bai lura ba. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta raba aikin gida biyu: kamfanin da ke juya kuɗin daban, kamfanin da ke ajiye su daban, hukumar PenCom kuma na sa ido a kan duka biyun. Dabarar ɗaya ce.

To ta yaya ake ɗaukar makiyayin? Ba a shago ake shiga a zaɓa ba. Cibiya takan fitar da sanarwar neman masu juya wani kaso na kuɗinta, galibi da taimakon kamfanonin ba da shawara irin su Mercer ko Aon. Kamfanoni su miƙo bayanai masu ɗaruruwan shafuka, a tantance, a kira 'yan ƙalilan su zo su kare kansu gaban amintattu. Abin kan ci watanni. Wanda ya yi nasara sai a rattaba hannu da shi a yarjejeniyar da ta fayyace komai: a waɗanne kasuwanni zai zuba kuɗin, kaso nawa ne iyakar abin da zai sa a kamfani guda, me aka haramta masa. Wani asusun ya ce ban da kamfanonin taba da na makamai, wani ya ce ban da giya da caca da bankunan riba. Sai kuma abu mafi muhimmanci, ma'aunin da za a gwada aikinsa da shi. In an ba ka kuɗi ka zuba a hannun jarin Amurka, ka samo ribar kashi 10 a shekarar da kasuwar gaba ɗaya ta tashi da kashi 20, ba a yi maka tafi. Ka faɗi ke nan.

Hajar da ta fi fita: kwaikwayon kasuwa

Mutum zai zaci kamfani mai wannan girma ya tara wasu gwanaye ne masu hango wane hannun jari zai tashi gobe. Akwai irin waɗannan a cikinsa, amma kusan kashi biyu cikin uku na dukiyar da ke hannunsa ba hasashe ake yi da ita ba. Kwaikwayo ake yi.

Ga yadda abin yake. Akwai kamfanonin da aikinsu shi ne tsara jerin sunaye da ke wakiltar kasuwa. Shahararre a cikinsu shi ne S&P 500, jerin manyan kamfanoni kusan 500 na Amurka, kowanne da nauyinsa gwargwadon darajarsa a kasuwa. Asusun kwaikwayo ba ya tambayar wane kamfani ne mai kyau. Duk abin da ke cikin jerin yake saye, daidai da nauyinsa. In wani kamfani kashi 6 ne na jerin, to kashi 6 na kuɗin za a sa a ciki. Kasuwa ta tashi ka tashi da ita, ta faɗi ku faɗi tare.

Wannan tunanin daga jami'a ya fito, daga binciken masana tattalin arziki na shekarun 1960 da suka duba sakamakon masu juya kuɗi suka ga yawancinsu, in an cire ladarsu, ba sa doke kasuwa. Akwai ma wani lissafi mai sauƙi a ƙarƙashinsa. Duk masu zuba jari in an haɗa su, su ne kasuwar. Saboda haka matsakaicin sakamakonsu dole ya zama sakamakon kasuwar. In wani ya wuce, wani ne ya gaza. Da zarar an cire lada da kuɗin saye da sayarwa, matsakaicin mai hasashe sai ya koma ƙasa da kasuwa. Gwajin farko na wannan dabara an yi shi ne a 1971, lokacin da bankin Wells Fargo ya kafa asusu na dala miliyan 6 don fanshon ma'aikatan Samsonite, masu ƙera akwatunan tafiya. Wannan sashe na Wells Fargo daga baya ya koma hannun bankin Barclays na Ingila, shi ne kuma BlackRock ya saya a 2009 a kan dala biliyan 13.5, tare da iShares, wato asusun kwaikwayo da ake saye da sayarwa a kasuwar hannun jari kamar kowane hannun jari. Wannan cinikin ne ya mayar da BlackRock na ɗaya a duniya.

Warren Buffett ya taɓa sa caca a kan maganar. Ya ce daga 2008 zuwa 2017 asusun kwaikwayon S&P 500 zai doke zaɓaɓɓun asusun gwanaye masu tsadar lada. Da shekara goma ta cika, nasa ya tashi da kusan kashi 126, nasu a matsakaici kusan kashi 36.

Me ya sa cibiyoyi suka damu da lada haka? Ɗauki alƙalami. Asusu mai dala biliyan ɗaya, in ladar mai juyawa kashi 0.5 ce a shekara, dala miliyan 5 ke nan. In 0.05 ce, dubu 500. Kuma abin yana taruwa. Kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 7 a shekara, bayan shekara 30 ya ninka sau 7.6. In lada ta ci kashi 1 ya koma 6, sau 5.7 kawai zai ninka. Kusan rubu'in abin da mai ritaya zai samu ya tafi ke nan, a kan abin da a takarda yake kama da ɗan mitsitsi.

A nan ne girma ke aiki. Kwamfutocin da ke kwaikwayon jeri da dala biliyan ɗaya su ne za su yi da biliyan ɗari, ba sai an ninka ma'aikata sau ɗari ba. Don haka babba yana iya karya farashi har ƙarami ya kasa numfashi, karya farashin kuma ya jawo masa ƙarin kuɗi, ya ƙara girma. Shi ya sa kamfanoni uku, BlackRock da Vanguard da State Street, suka mamaye wannan fagen.

Kada dai a ce kwaikwayo ba ya buƙatar gwaninta. Jerin yana canzawa, ana cire wasu kamfanoni ana shigar da wasu, kuma kowa a kasuwa ya san ranar da za a yi. Sayen hannun jarin biliyoyin daloli a rana ɗaya ba tare da ka tayar da farashi a kanka ba sana'a ce mai zaman kanta. Haka nan in asusun fansho ya sallami wani mai juyawa zai koma wurin wani, akwai sashe na musamman da ake haya don ya kwashe dukiyar daga nan zuwa can ba tare da ta zube a hanya ba.

Asarar da ta haifi Aladdin

Asalin BlackRock ba a kwaikwayo yake ba, a tsoro yake. A 1986 Larry Fink tauraro ne a bankin First Boston, yana cinikin takardun bashi da aka haɗa daga lamunin gidaje. Sashensa ya yi hasashen inda kuɗin ruwa zai dosa, abin ya juya, suka yi asarar kusan dala miliyan 100 cikin wata uku. Fink ya sha faɗin cewa abin da ya fi damunsa shi ne ba su san girman haɗarin da suka ɗauka ba, har a lokacin da suke cin riba. Da shi da abokansa bakwai suka kafa sabon kamfani a 1988, sai suka sa auna haɗari ya zama ginshiƙi.

Manhajar da suka gina don wannan aiki sunanta Aladdin. Sunan ya yi kama da na yaron nan mai fitila na cikin tatsuniya, amma haruffan farko ne na wasu kalmomin Turanci aka harhaɗa. Aikinta shi ne ta tattara duk abin da cibiya ta mallaka wuri ɗaya, hannun jari da takardun bashi da gidaje da kuɗin ƙasashe, sannan ta amsa tambayar "in kaza ya faru fa?" In kuɗin ruwa ya tashi da kashi 2 fa? In farashin mai ya faɗi rabi fa? In yen ta karye fa? Ɗaya daga cikin dabarun ita ce wadda masana lissafi ke kira kwaikwayon Monte Carlo: kwamfuta ta ƙirƙiro dubban yanayin da ka iya faruwa, kowanne da nasa haɗin farashi, ta lissafa abin da dukiyar za ta zama a kowanne, sannan a duba ɓangaren da ya fi muni. Masana kimiyyar nukiliya ne suka fara amfani da dabarar a shekarun 1940.

Abin da wannan ke tonowa sau da yawa shi ne ɓoyayyen dangantaka. Asusu yana ganin ya rarraba ƙwansa a kwanduna da yawa: hannun jarin kamfanin mai, takardun bashin ƙasa mai arzikin mai, hannun jarin bankin da ya ranta wa kamfanonin mai. A takarda abu uku ne. A gaskiya kwando ɗaya ne, ranar da mai ya faɗi tare za su fashe.

BlackRock yana ba da hayar Aladdin ga wasu, har da kamfanonin da ke gogayya da shi. Sashen fasaharsa ya kawo kusan dala biliyan 1.6 a 2024. Wannan ƙwarewar ce ta sa babban bankin Amurka ya kira shi a 2008 ya kula da ruɓaɓɓun kadarorin Bear Stearns da AIG, ya sake kiransa a Maris 2020 lokacin korona don sayen takardun bashin kamfanoni. Akwai masu ganin kusancin nan da gwamnati ya yi yawa. Akwai kuma wata damuwar da ni na fi ɗauka da muhimmanci: in manyan cibiyoyi da yawa suna kallon haɗari ta tabarau ɗaya, abin da tabarau ɗin bai gani ba duk ba za su gani ba, kuma ranar da ya nuna musu wuta, ƙofa ɗaya za su nufa a tare.

Wasu cibiyoyin ma sukan miƙa ragamar gaba ɗaya. A 2021 asusun fanshon British Airways ya miƙa wa BlackRock kula da kusan fam biliyan 21.5. Amintattu su tsara manufa, kamfani ya yi sauran aikin.

Mako ɗaya a Landan

Yanzu bari mu duba inda abin ya kusa kifewa, don a nan ne za a ga wanda ke ɗauke da haɗarin.

Mun ce asusun fansho alkawari ne. To nawa ne darajar alkawari a yau? Ya danganta da kuɗin ruwa. In za ka biya wani fam 100 nan da shekara 20, kuma takardun bashin gwamnati na ba da kashi 4 a shekara, fam 46 za ka ajiye yau ya isa. In kashi 1 suke bayarwa, sai ka ajiye fam 82. Ka ga ke nan faɗuwar kuɗin ruwa tana kumbura nauyin da ke kan asusu ko da ba a ƙara masa ko mutum ɗaya ba. Shekaru da yawa bayan rikicin 2008 kuɗin ruwa a Birtaniya yana ƙasa sosai, asusun fansho na ta nishi.

Maganin da masu juya kuɗi suka sayar musu yana da ma'ana: ku riƙe takardun bashin gwamnati masu dogon zango, domin in kuɗin ruwa ya faɗi darajarsu tashi take yi, sai ta cike giɓin. Matsalar ita ce in asusu ya zuba duk kuɗinsa a nan, ba abin da zai rage na neman riba. Sai aka kawo dabara: a sayi takardun, a jinginar da su a ci bashi, a ƙara sayen wasu. Da fam ɗaya sai ka sami kariyar fam uku ko fiye, sauran kuɗin ka kai su hannun jari. Sharaɗin kawai shi ne in darajar takardun da ka jinginar ta faɗi, mai bin ka bashi zai ce ka ƙaro jingina, da tsabar kuɗi, cikin kwana ɗaya ko biyu. Manyan masu gudanar da wannan tsari a Birtaniya su ne Legal & General da Insight Investment da BlackRock, kuma alkawuran da aka kare ta wannan hanya sun haura fam tiriliyan ɗaya.

Ranar 23 ga Satumban 2022 ministan kuɗin Birtaniya, Kwasi Kwarteng, ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba. Kasuwa ta firgita. Kuɗin ruwan takardun gwamnati masu shekara 30 ya yi tsalle da fiye da kashi 1 cikin 'yan kwanaki, har ya haura kashi 5. A kasuwar da ta saba motsi kamar hawainiya, wannan girgizar ƙasa ce. Darajar takardun ta rikito, masu bin bashi suka ce a kawo jingina. Asusun da ba su da tsabar kuɗi a kusa sai suka fara sayar da abin da ya fi saurin sayuwa, wato takardun gwamnatin nan dai. Sayarwar ta ƙara karya farashi, karyewar ta jawo sabon kiran jingina, kiran ya jawo sabuwar sayarwa. Maciji ya kama wutsiyarsa yana haɗiya.

Ranar 28 ga wata Bankin Ingila ya shigo, ya ce a shirye yake ya sayi takardun har na fam biliyan 65. A ƙarshe kusan biliyan 19 ya saya kafin ya tsaya ranar 14 ga Oktoba, ranar da aka sallami Kwarteng. Bayan kwana shida Firaminista Liz Truss ta sanar da murabus.

Abin lura a nan biyu ne. Na farko, tashin kuɗin ruwa a kan kansa alheri ne ga asusun fansho, tunda yana rage nauyin alkawari, kuma da yawansu sun fito daga shekarar da lissafi mai kyau. Abin da ya kusa kashe su rashin tsabar kuɗi ne a ranar da aka nema, kamar mai rumbu cike da hatsi da aka ce ya biya bashi kafin la'asar. Gwaje-gwajen haɗarin da aka yi a baya yawanci sun tanadi tsallen da bai kai wanda ya faru ba, ko kuma sun ɗauka zai zo a hankali. Na biyu, asarar da aka yi wajen sayar da kadara a farashin gaggawa, asusun ne suka ɗauke ta. Masu juyawa sun sha suka da tambayoyi a majalisa, amma yarjejeniyar a fili take: shanun na mai su ne. Masu ilimin fiƙihu za su ga kamar ƙiradi, inda asara ke kan mai dukiya. Bambancin shi ne a ƙiradi mai juyawa daga riba yake samun rabonsa, in babu riba ya tashi a tutar babu. A nan kuwa galibi daga girman dukiyar ake yankar lada, a ci riba ko a faɗi.

Ƙuri'ar da ta zo da kiwo

Mu koma kan makiyayi mai shanu dubu. Hannun jari yana zuwa da ƙuri'a a taron shekara na kamfani: wa zai zauna a hukumar gudanarwa, nawa za a biya shugaba. A al'ada, mai juya kuɗin ne ke kaɗa ƙuri'ar a madadin masu kuɗin. Manyan ukun nan in an haɗa su suna riƙe da fiye da kashi 20 na hannun jarin yawancin manyan kamfanonin Amurka. Kuma mai kwaikwayo ba ya iya fushi ya sayar ya tafi, tunda muddin kamfani na cikin jeri dole ya riƙe shi. Ƙuri'a da magana su ne kawai sandarsa.

An ga ƙarfin sandar a 2021, lokacin da wani ƙaramin kamfanin zuba jari mai suna Engine No. 1 ya ƙalubalanci shugabancin ExxonMobil a kan yadda yake tunkarar sauyin yanayi. BlackRock ya mara wa uku daga cikin 'yan takararsa baya, mutum uku kuma suka shiga hukumar. Martani bai daɗe ba. Jihohin da 'yan Rifablikan ke mulki suka ce ana siyasa da kuɗin jama'arsu. Fulorida ta janye kusan dala biliyan 2 a ƙarshen 2022, wani asusun makarantun Texas ya janye biliyan 8.5 a Maris 2024. A ɗaya gefen masu fafutukar muhalli na cewa kamfanin bai yi komai ba, tunda har gobe yana cikin manyan masu riƙe da hannun jarin kamfanonin mai da kwal. Mafitar da ya nema ita ce daga 2022 ya fara ba manyan cibiyoyi damar su kaɗa ƙuri'arsu da kansu, a Janairun 2025 kuma ya fice daga ƙawancen masu juya kuɗi na rage hayaƙi. Wanda ke yi wa Texas da Holan aiki a lokaci guda, da wuya ya faranta wa duka.

Masu bincike na da wata tambayar daban. In mutum ɗaya ne babban mai hannun jari a duk kamfanonin jiragen saman da ke gogayya da juna, za su yi gogayyar da gaske kuwa? Wani bincike da José Azar da Martin Schmalz da Isabel Tecu suka wallafa a 2018 ya ce hakan ya ɗaga farashin tikiti a Amurka da wasu 'yan kaso. Wasu masanan sun sake lissafin sun ce ba su ga haka ba. Har yanzu ana kan muhawarar.

Inda abin ya taɓo mu

Tunda kuɗi masu yawa jeri suke bi, shiga jeri ko fita daga cikinsa ya zama babban al'amari ga ƙasa. JPMorgan ya sa takardun bashin Najeriya a jerinsa na ƙasashe masu tasowa a 2012, ya cire su a 2015 saboda wahalar samun dala a kasuwar canji. Kamfanin MSCI ma ya cire Najeriya daga jerinsa na ƙananan kasuwanni a farkon 2024 bisa dalili makamancin haka: baƙi sun sayar da hannun jari amma sun kasa fitar da kuɗinsu. Asusun kwaikwayo ba ya zama ya yi nazarin ko bankunan Legas na cin riba. An cire suna daga jeri, shi ma ya sayar.

Haka nan in ƙasa ta kasa biyan bashi, waɗanda ke zaune a ɗaya gefen teburin sau da yawa irin waɗannan kamfanoni ne. Da Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022, BlackRock na cikin kwamitin masu riƙe da takardun bashinta da ya yi ciniki da gwamnati. An kammala a 2024 a kan takardu na kusan dala biliyan 13, masu bin bashi suka yafe kusan kashi 37. A Zambiya ma, wadda ta kasa biya a Nuwamban 2020, ƙungiyoyi sun yi ta kiran BlackRock da ya yafe. Amsar da irin waɗannan kamfanoni ke bayarwa ita ce kuɗin ba nasu ba ne balle su yi kyauta da shi, amana ce ta 'yan fansho. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma gaskiya a cewa wasu takardun an saye su ne da araha bayan darajarsu ta faɗi, kuma kuɗin ruwa mai tsoka da aka riƙa karɓa tun farko ladar ɗaukar wannan haɗarin ne.

Mu ma muna ba da kiwo. Hukumar NSIA mai kula da asusun ajiyar Najeriya, wadda aka kafa da dokar 2011 da jarin farko na dala biliyan ɗaya, ta miƙa sashen asusunta na ko-ta-kwana ga Goldman Sachs da UBS da Credit Suisse a 2013 su juya mata. Kuɗin fanshon ma'aikata kuwa, wanda ya haura naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2024, kamfanonin cikin gida ne ke juya shi, kuma a lokacin fiye da kashi 60 nasa yana cikin takardun bashin gwamnatin tarayya. A takarda wannan shi ne wuri mafi aminci, kuma adadin da ma'aikaci ke gani a saƙon wayarsa kullum ƙaruwa yake yi. Sai dai a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Asusun da ya ƙaru da kashi 18 a irin wannan shekarar, buhunan shinkafar da zai iya saye raguwa suka yi.